Kuɗi a Hannu ko Ma'aikaci a Ƙofa: Wane Tsarin Kula da Tsofaffi Ya Kamata a Zaɓa?

Duk gwamnatin da ta yarda cewa kula da tsofaffi masu rauni ya fi ƙarfin iyali su kaɗai, akwai mararrabar da dole ta tsaya a kanta. An tantance tsoho, an tabbatar ba ya iya wanka da kansa, ba ya iya sauka daga gado, ko ba ya tuna lokacin shan magani. To, me za a ba shi? Kuɗi za a riƙa tura masa duk wata ya sallami wanda yake kula da shi, ko kuwa ma'aikaci za a turo masa har gida, a ba shi gurbi a cibiyar wuni, hukuma ta biya masu aikin kai tsaye?

An fi jin muhawarar zaman gida da zaman gidan tsofaffi, amma wannan an kusa gama ta. Yawancin tsofaffi sun fi son gidajensu, gwamnatoci ma nan suka karkata. Inda ƙasashe suka rabu da gaske shi ne batun kuɗi da hidima, kuma lokacin yanke shawara yana ƙurewa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60, masu shekara 80 zuwa sama kuma za su ninka sau uku tsakanin 2020 da 2050, su kai miliyan 426.

Jamus da Japan ne suka fi dacewa a jera, domin dukansu inshorar dole ta kula da masu rauni suka kafa, shekara biyar ce kawai tsakaninsu, kuma Japan ta yi nazarin tsarin Jamus sosai kafin ta ɗauki wani ɓangare ta ajiye wani da gangan.

Inshorar Jamus ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1995, zamanin ministan ƙwadago Norbert Blüm. Daga albashi ake cire kuɗin, ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki suna rabawa. An fara da kashi 1 cikin 100, aka koma 1.7 a 1996, a farkon 2025 ya kai 3.6, wanda ba shi da 'ya'ya kuma yana biyan ƙari. Masu kamfanoni sun yi ta ƙorafi a lokacin, har sai da aka soke wata ranar hutu ta addini a dukan jihohi ban da Saxony domin a rage musu asara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a kafa irin wannan tsari sai wani ya rasa wani abu.

Wanda aka tantance yana faɗawa ɗaya daga cikin matakai biyar, sannan ya zaɓa: kuɗi, ko hidimar kamfanin jinya, ko ya haɗa biyun gwargwado. Sai dai ba daidai suke ba. A 2025 mai mataki na uku yana karɓar Yuro 599 a wata idan kuɗi ya zaɓa, amma idan hidima ya zaɓa inshora za ta biya masa har Yuro 1,497. A mataki na biyar Yuro 990 ne da Yuro 2,299. Wato mai karɓar kuɗi bai samu ko rabin abin da zai samu da hidima ya ɗauka ba. Duk da haka kuɗin ne ya fi farin jini. A ƙarshen 2023 mutum miliyan 5.7 ne aka tantance da buƙatar kulawa a Jamus, kashi 86 cikin 100 suna gida, kuma kusan miliyan 3.1 kuɗi zalla suke karɓa, galibi 'yan uwa ne ke kula da su.

Me ya sa mutum zai bar mai yawa ya ɗauki kaɗan? Ma'aikacin kamfani yana zuwa ne na mintuna ƙidayayyu a lokacin da jadawalinsa ya ba shi dama, yau wannan gobe wancan, alhali mai buƙatar zuwa bayan gida da ƙarfe uku na dare ba jadawali yake bi ba. Tsofaffi da yawa ba sa son baƙo ya ga tsiraicinsu. Ga kuma 'yar da ta riga ta rage aikinta don ta zauna da mahaifinta: ko an ba da kuɗi ko ba a ba da ba tana yi, to gara ta samu wani abu. Dokar Jamus ta ƙara mata da zuba mata kuɗin fansho muddin tana jinyar aƙalla awa goma a mako, da biyan wanda zai riƙe mata idan za ta huta. Akwai kuma dalilin da ba a cika son faɗa ba. Iyalai da dama suna haɗa kuɗin inshora da fanshon tsohon su ɗauko mace daga Poland, Romaniya ko Bulgeriya ta tare a gidan, tana aiki kusan dare da rana. A 2021 babbar kotun ƙwadago ta tarayya ta yanke hukunci a ƙarar wata 'yar Bulgeriya cewa dole a biya mafi ƙarancin albashi har na lokacin da mai jinya take zaune cikin shirin a kira ta. Da za a bi hukuncin sau da ƙafa, yawancin waɗannan gidaje ba za su iya biya ba.

Japan daga wata matsalar ta taso. A 1973 ta mayar da jinyar masu shekara 70 zuwa sama kyauta, sai asibitoci suka cika da tsofaffin da ba magani suke buƙata ba, wanka da ciyarwa suke buƙata, suna kwance wata da watanni don babu inda za su koma. A 1989 gwamnati ta fito da shirin shekara goma na ƙara yawan masu taimakon gida, cibiyoyin wuni da gadajen kwanciyar ɗan lokaci. Aka yi dokar inshora a 1997, ta fara aiki a Afrilun 2000. A lura da wannan jeri, don zai dawo: sai da aka shafe shekara goma ana gina hidima kafin a yi wa kowa alkawarinta.

Duk wanda ya kai shekara 40 yana biya. Rabin kuɗin tsarin daga haraji yake, rabi daga abin da jama'a ke zubawa, kuma ƙananan hukumomi ne ke riƙe da asusun. Mai neman taimako za a zo masa gida da tambayoyi 74, kwamfuta ta fitar da matakin farko, sannan kwamiti ya duba tare da bayanin likitansa. Matakai bakwai ne, biyu na tallafi, biyar na kulawa, kowanne da iyakar abin da za a kashe a wata. Daga nan sai mai tsara kulawa ya shigo, ya zauna da iyali a rubuta jadawali: wanka sau nawa, cibiyar wuni ranakun yaushe, gadon asibiti na haya, ƙarfen riƙewa a banɗaki. Yawancin tsofaffi suna biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin hidimar. Kuɗi a hannu kuwa babu.

Ba mantuwa aka yi ba, faɗa aka yi a kai. Wasu 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau sun so a ba iyali kuɗi, amma ƙungiyoyin mata, ciki har da wadda marubuciya Higuchi Keiko ta jagoranta, suka ƙi. Hujjarsu ita ce a gidan Japan matar ɗa ce ke ɗauke da jinya, kuɗin zai shiga asusun gida ne, ita kuma ta ci gaba da aikin da take yi, har a ce mata ai ana biya. Suka ce idan kuɗi ya shiga gidaje, kamfanonin hidima ba za su samu kasuwar da za su girma ba. Masu kula da baitulmali su ma sun goyi baya saboda nasu dalilin: hidima sannu a hankali ake karɓarta, kuɗi kuwa ranar farko kowa zai miƙo hannu.

Idan aka zo lissafi, babu wanda ya tsira. A 2000 matsakaicin kuɗin inshorar da ɗan shekara 65 zuwa sama ke biya a Japan Yen 2,911 ne a wata, a zangon 2024 zuwa 2026 ya kai Yen 6,225. Waɗanda aka tantance sun tashi daga kusan miliyan 2.2 zuwa wajen miliyan 7. Gwamnati ta yi ta datsewa: a 2005 ta cire kuɗin abinci da ɗaki daga abin da inshora ke biya a gidajen tsofaffi, a 2015 ta ɗaga kason da masu samu ke biya daga aljihunsu zuwa kashi 20, a 2018 zuwa 30 ga waɗanda suka fi samu, ta kuma taƙaita shiga gidajen jinya na musamman ga masu mataki na uku zuwa sama. Jamus ta riƙe kashe kuɗinta ne ta wata hanya: tun farko ta ce inshorar ba komai za ta biya ba, wani yanki ne kawai, sauran na mai shi. Shi ya sa a 2025 wanda ya shiga gidan tsofaffi yake fitar da wajen Yuro 3,000 a wata daga aljihunsa a shekarar farko. Saboda haka idan aka ce tsarin kuɗi ya fi arha, gaskiya ne ga baitulmali. Bambancin bai ɓace ba, ya koma kan awannin da 'ya'ya mata da matan aure da baƙin ma'aikata ke bayarwa ba tare da cikakken lada ba.

Amma kada a ɗauka hidima ta 'yantar da iyali a Japan. Har yanzu kimanin mutum 100,000 ne ke barin aiki kowace shekara don jinyar wani nasu, abin da ya sa Firayim Minista Shinzo Abe ya sanya kawo ƙarshen hakan cikin manufofinsa a 2015. Cibiyar wuni tana rufewa da yamma, dare kuma na iyali ne. Kuma wadda ta zaɓi ta yi jinyar da kanta ba ta samun albashi daga inshorar da ita ma take biya, wannan rashin adalci ne da masu yabon tsarin Japan kan tsallake da sauri.

Ba a nan gizo ke saƙar ba ma. Hidima alkawari ne da sai da mutum ake cika shi. Takardar da ta ce kana da haƙƙin wanka sau uku a mako ba ta da amfani idan babu mai zuwa. Japan, da duk shirin da ta yi, tana fama da ƙarancin ma'aikata saboda albashin aikin ya gaza na sauran sana'o'i, har ta fara ɗauko su bisa yarjejeniya daga Indonesiya a 2008, daga Filifin a 2009, daga Biyetnam a 2014. Sifaniya ce misalin abin da ke faruwa idan aka yi alkawari kafin gini. Dokarta ta 2006 ta rubuta ƙarara cewa hidima ce asali, ba wa ɗan uwa kuɗi sai in babu yadda za a yi. Da aka fara aiki sai ga shi hidimar ba ta wadatu ba, yankunan ƙasar kuma sun ga kuɗi ya fi musu sauƙi, cikin 'yan shekaru abin da aka ce sai da larura ya zama kusan rabin duk tallafin da ake bayarwa. Da tattalin arziki ya karye, a 2012 aka zabge shi da kashi 15 cikin 100 aka kuma daina zuba wa masu jinya kuɗin fansho, sai a 2019 aka dawo da wannan. Kuɗi yana da sauƙin farawa, yana kuma da sauƙin yankewa, don babu ma'aikata ko kamfanoni da za su fito su yi ihu.

Batun sa ido ya fi gajarta. Inda ma'aikaci ke shiga gida sau da yawa a mako, akwai idon da zai ga gyambon kwanciya, ko ramewa, ko tabon duka, ko mai jinyar da ta kai maƙura. A Jamus mai karɓar kuɗi dole ya yarda ƙwararre ya riƙa kawo ziyarar ba da shawara lokaci zuwa lokaci, in ya ƙi a rage kuɗin ko a tsayar. Ziyarar ba ta da yawa, amma ta fi ta Italiya, inda tun 1980 ake ba da kuɗi iri ɗaya ga kowa, ɗan sama da Yuro 500 a wata yanzu, ba mataki, ba tambayar inda aka kashe. Abin da ya biyo baya shi ne dubban ɗaruruwan baƙin mata a cikin gidaje, da yawansu ba su da takardar aiki.

Shin kuɗi ne matsalar, ko sakinsa babu igiya? Gwaji mafi tsafta a kan wannan a Amurka aka yi, a jihohin Arkansas, New Jersey da Florida daga ƙarshen shekarun 1990. Aka raba masu neman shiga gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka ci gaba da kamfani, wasu aka ba su kasafi da mai ba da shawara, suna iya ɗaukar ɗan uwa ko maƙwabci aiki, wata hukuma tana riƙe da lissafi da biyan albashi. Masu kasafi sun fi gamsuwa nesa ba kusa ba, buƙatunsu da ba a biya ba sun ragu, lafiyarsu ba ta fi ta sauran taɓarɓarewa ba. An fi kashe kuɗi a kansu, amma wani babban dalili shi ne da yawa daga cikin masu kamfani ba su ma samu awannin da aka rubuta musu ba saboda babu ma'aikata. Holan ta iso wuri ɗaya ta hanya mai tsada. Ta fara ba da kasafi a hannu a 1995, ya yi ta kumbura, zamba ta shigo, musamman ta 'yan tsakani, sai a 2015 ta daina tura kuɗin cikin asusun mutum, wata hukumar gwamnati ce ke riƙewa ta biya mai aikin bisa yarjejeniya a rubuce. Koriya ta Kudu, wadda ta kafa inshorarta a 2008 bisa salon Japan, ta bar wata ƙofa: kuɗi zalla sai ga irin mazauna tsibirai da ƙauyuka masu nisa inda babu hidima, amma ɗan uwa da ya yi horo ya samu shaidar aiki yana iya yin rajista da kamfani a biya shi wasu awanni na jinyar mahaifinsa.

Akwai abu guda da kuɗi ba ya iya yi ko kaɗan, kuma Denmark ce ta fi nuna shi. Can haraji ne ke biya, ƙananan hukumomi ke gudanarwa. Tun 1987 ta daina gina gidajen tsofaffi irin na da, a 1996 ta wajabta tayin ziyarar rigakafi ga masu shekara 80 zuwa sama, a 1998 ta haɗa da masu shekara 75, daga 2015 kuma duk wanda ya nemi taimakon gida sai an fara duba ko horon 'yan makonni zai sa ya koma yi wa kansa. Garin Fredericia ne ya yi suna da fara wannan. Maimakon a zo a sa wa tsohuwa safa kullum har ƙarshen rayuwarta, sai a koya mata sawa da wani ɗan abin taimako. Tsarin kuɗi kishiyar haka yake turawa: iyalin da tsohonsu ya samu sauƙi kuɗinsu ne zai ragu a tantancewa ta gaba. Ba zargin kowa ake yi ba, amma doka ba ta kamata ta sa mutum ya zaɓa tsakanin lafiyar mahaifiyarsa da kuɗin haya ba.

To wanne za a ɗauka? Ra'ayina shi ne hidima ta zama ginshiƙi, amma ba na ganin hikimar kwaikwayon Japan wajen toshe ƙofar biyan iyali gaba ɗaya, kuma ba kowace ƙasa ce ke da ikon farawa da hidima ba.

Ƙasar da ke da ma'aikatan jinya gwargwado, da ƙananan hukumomi masu iya riƙe asusu, kuma take son mata su ci gaba da aikin albashi, hanyar Japan ko Denmark ta fi mata. Ta ƙara da abin da Japan ta rasa: ɗan uwan da ya zaɓi jinya a yi masa horo, a biya shi a matsayin ma'aikaci, a zuba masa fansho. Ƙasar da ba ta da ma'aikatan, ko jama'arta ke warwatse a ƙauyuka, idan ta rubuta hidima zalla a doka za ta ƙare da jerin masu jira. Ita kasafi mai igiya ya fi mata, irin wanda aka gwada a Arkansas ko wanda Holan ta koma: sunan mai jinya a rubuce, hukuma ta biya shi kai tsaye, ziyara ta zama sharaɗi, a kuma ware wani kaso na asusun tun ranar farko don horas da ma'aikata da buɗe cibiyoyin wuni, kada ya zama duk an rabar. Abin da zan ce a guje masa ko da wane hali shi ne salon Italiya. Ya fi kowanne daɗin sanarwa, amma da zarar miliyoyin gidaje sun gina rayuwarsu a kansa, sauya shi ya zama abin da 'yan siyasa ke tsoron taɓawa.

Ga iyalin da ke ƙasar da doka ta ba su zaɓi, lissafin ya fi sauƙi. Idan buƙatar 'yar kaɗan ce kuma akwai mutum fiye da ɗaya da za su yi karɓa-karɓa, kuɗi ya wadatar. Idan akwai ɗagawa da juyawa, ko rauni da ke son wanki, ko mai jinyar ita ma ta manyanta, a haɗa da hidima tun kafin bayanta ya ƙage. Idan cutar mantuwa ce, awannin tsaro ne matsalar, ba ƙarfin jiki ba, don haka cibiyar wuni da kwanciyar ɗan lokaci sun fi kowane kuɗi daraja. Kuma akwai matakin da kula a gida ke fin gidan tsofaffi tsada da haɗari, musamman idan ana buƙatar mutum a farke duk dare; wanda ya kai nan bai ci amanar kowa ba idan ya nemi gurbi.

Kowanne aka zaɓa, ma'aunin tantancewa ne ke yanke wa zai shiga wa zai tsaya a waje, kuma gyara shi daga baya yana da wuya. Ma'aunin Jamus na farko mintunan wanka, ciyarwa da tufatarwa yake ƙirgawa, sai ya zama mai cutar mantuwa da ke iya tafiya da cin abinci da kansa, amma yake barin murhu a kunne ko ya fita ya ɓace, ba ya samun mataki ko kuma ya samu na ƙasa. An yi ta ƙara ƙananan tallafi don toshe giɓin, amma sai a 2017, bayan shekara 22, aka sauya ma'aunin gaba ɗaya ya koma auna yadda mutum ke iya tafiyar da kansa, har da tunani da ɗabi'a. Mai rubuta sabuwar doka ya sa wannan a ciki tun daftarin farko, tare da ƙa'idar ɗaga adadin tallafi daidai da tsadar rayuwa, domin Jamus ta bar nata adadin kusan yadda yake daga 1995 har 2008, darajarsa tana zaizayewa kowace shekara ba tare da majalisa ta kaɗa ƙuri'ar rage ko Yuro ɗaya ba.